Auna Shan Amo na Allunan Saƙar Hannu

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce bayyana yadda ake tabbatar da ko allon da aka lulluɓe da gwado ko luru yana rage amsa-kuwwa a zaure.

Wallace Sabine na Jami'ar Harvard shi ne ya share fagen wannan awo a 1895, sa'ad da aka ɗora masa gyaran wani zauren lacca inda maganar malami ke cakuɗewa. Ya dinga shigo da matasan kujeru, yana ƙidayar daƙiƙoƙin da amo ke ɗauka kafin ya mutu.

Bisa wannan tafarki ake har yau. Da farko akan auna lokacin da amo zai ragu da desibel 60 a ɗakin gwaji wayam. Daga nan sai a shimfiɗa allunan, a sake aunawa. Daga bambancin ake fitar da ma'auni tsakanin 0 da 1. Buɗaɗɗiyar taga ita ce 1, domin amon da ya fita ba ya komowa.

Awon ya nuna cewa ƙyalle marar kauri siririn amo kaɗai yake sha. Kakkausan amo kuwa sai an ƙara kauri, ko an bar sarari tsakanin allo da bango. Saboda haka wajibi ne a auna allo kafin a kafa shi, komai kyan saƙarsa.