Noman Cikin Ruwa A Yola: Lissafin Iskar Da Saiwa Ke Shaƙa

YOLA — Duk manomin da ya taɓa shuka masara a bakin Kogin Binuwai ya san abin da ke biyo baya idan ruwa ya kwanta a gona na 'yan kwanaki. An ga haka a 2012, an sake gani a 2022, shekarun da aka saki ruwa daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, ambaliya ta mamaye gonaki masu yawa a Jihar Adamawa. Masara tana tsaye cikin ruwa amma ganyenta ya yi yaushi kamar mai fama da fari. Abin da ya kashe ta shi ne rashin iska, domin saiwa tana numfashi, kuma ruwan da ya cika ƙofofin ƙasa ya toshe mata hanyar shaƙar iskar oksijin. Ga ɗan kasuwar Yola ko Jimeta da ke tunanin zuba jari a noman cikin ruwa, watau noman kayan lambu ba tare da ƙasa ba, wannan shi ne darasi na farko, tun da yake sana'ar kacokan ta ginu ne a kan tsoma saiwa cikin ruwa dare da rana.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun wajen 1860 masanan Jamus biyu, Julius von Sachs da Wilhelm Knop, suka nuna cewa tsiro zai rayu a ruwan da aka narkar wa sinadaran taki. William Gericke na Jami'ar Kalifoniya a Amurka shi ya fitar da ita daga ɗakin bincike ya nufi kasuwa da ita daga 1929, sa'an nan a 1938 Dennis Hoagland da Daniel Arnon suka wallafa haɗin takin da har yau ake koyi da shi. Tsarin da ake kira na ruwa mai zurfi shi ya fi sauƙin ginawa: tanki mai zurfin santimita 20 zuwa 30, a cika shi da ruwan taki, a ɗora faifan farin soso mara nauyi, irin wanda ake kare firji da shi cikin kwali, a huda shi, a jera dashen latas, saiwa ta sauka cikin ruwa. Babu huɗa, babu noman ciyawa, kuma a cikin mako biyar zuwa shida latas ya isa kai wa kasuwa.

Mai kallo zai ce ai kainuwa haka take rayuwa a kan ruwa ba tare da wani ya hura mata iska ba. Gaskiya ne, kainuwa dashen Allah ce, amma ita da bado da shinkafa suna da hanyoyin iska a cikin jikinsu waɗanda ke saukar da oksijin daga ganye zuwa saiwa. Latas da tumatir da kokwamba ba su da wannan baiwa yadda za ta wadace su. Abin da suka samu narke cikin ruwa da shi suka dogara, kuma ɗan kaɗan ne ƙwarai. Lita ɗaya ta iskar sarari tana ɗauke da oksijin wajen miligiram 270, alhali lita ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 20 a ma'aunin Salshiyas ba ta riƙe fiye da miligiram 9.1, ko da an kwana ana kaɗa ta.

A nan ne yanayin Yola ya shigo cikin lissafi. Gwargwadon ɗumin ruwa, gwargwadon raguwar iskar da yake iya riƙewa. A digiri 25 iyakarsa miligiram 8.3 ne a kowace lita, a digiri 30 ya sauka zuwa 7.6, a digiri 35 kuwa da kyar yake riƙe 7. Raguwar a takarda ba ta da ban tsoro, to amma tana tafe da wata matsala ta biyu: numfashin saiwa da na ƙwayoyin cuta yakan kusan ninkawa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. Watau a lokaci guda abin da ke cikin rumbu yana raguwa, bakunan da ke ci kuma suna ƙaruwa. Tanki mai tsawon mita 2 da faɗin mita 2 da zurfin santimita 25 yana cin lita 1,000, yana kuma ɗaukar latas kimanin 80 zuwa 100. Dukan oksijin da ke cikinsa a digiri 30 bai wuce giram 7.6 ba, nauyin da bai kai na cokali biyu na sukari ba. A garin da zafin rana ke kaiwa digiri 40 har ya zarce a watannin Maris da Afrilu, baƙar tankin roba da aka bari a fili tana iya ɗumama ruwa fiye da duk alƙaluman da aka ambata.

Jagoran noman latas na Jami'ar Cornell a Amurka ya ajiye miligiram 4 a matsayin mafi ƙarancin abin da latas zai yi girma da shi yadda ya kamata, su kansu kuma sukan riƙe ruwansu a wajen 7. Idan aka faɗo ƙasa da haka, alamu suna zuwa bi da bi. Ganye ya fara yaushi da tsakar rana ya farfaɗo da yamma. Saiwar da take fara tas ta koma ruwan ƙasa, ta yi yauƙi, ta riƙa tsinkewa a hannu. Daga bisani ruwan ya ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙwayar cutar ruɓewar saiwa da masana ke kira Fitiyam tana son ruwa mai ɗumi da saiwar da ta galabaita, kuma da yake dukan tsiran ruwa ɗaya suke sha, abin da ya kama guda ya kama sauran. Manomin fadama yakan yi asarar kwami ɗaya ya tsira da tara. Mai tanki kuwa in ta zo masa, gaba ɗaya take ɗauka.

Hanyar da aka fi bi ita ce injin hura iska, irin na masu kiwon kifi, wanda ke tura iska ta siririn tiyo zuwa wani dutse mai ƙananan ƙofofi a gindin tanki. Ƙananan kumfa sun fi manya amfani, domin sun fi yawan fuskar da ke haɗuwa da ruwa, sun kuma fi jinkirin tasowa. Akwai mai zagaya ruwa da famfo ya bar shi ya zubo daga sama yana fantsama, akwai kuma mai sanya maƙogwaron Benturi a jikin bututu, wanda ke zuƙo iska da ƙarfin gudun ruwan. Duk wadda aka zaɓa, akwai ƙananan abubuwa da ke raba mai riba da mai asara. Injin ya zauna a inuwa, in ba haka ba iska mai zafi zai riƙa ɗura wa ruwa. A ɗora shi sama da bakin tanki, ko a sa masa abin hana komowar ruwa, don kada ruwa ya biyo tiyo ya lalata shi idan an ɗauke wuta. Ƙurar hunturu tana toshe matacinsa, gishirin taki kuma yana toshe ƙofofin dutsen. Ruwan rijiyar burtsatse sau da yawa yakan fito da ƙarancin iska, saboda haka a kaɗa shi kafin a tsoma dashe. A kuma rufe duk kafar da haske zai shiga, domin gansakuka tana ba da oksijin da rana ta karɓe da dare. Masu kiwon karfasa sun san dalilin da ya sa kifi ke tasowa yana haki da asuba.

Wasu sukan zuba ruwan wanke ciwo mai kumfa da ake sayarwa a kemis, watau haidurojin feroksaid, da zimmar ƙara iska. Amfaninsa na ɗan lokaci ne, in ya yi yawa kuma yana ƙona saiwa. Ba abin gina sana'a a kansa ba ne.

Kuɗin iskar kanta ba shi da yawa. Injin da ke cin wat 40, in ya yi aiki sa'a 24, ya ci wat-awa 960, kusan yunit ɗaya ke nan a rana, wajen yunit 29 a wata. Tsadar tana wajen tabbatar da cewa bai tsaya ba. A watan Afrilun 2024, ana tsakiyar zafi, ɓarayi sun kayar da turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, Yola da sauran manyan garuruwan arewa maso gabas suka shafe makonni cikin matsalar wuta. Tankin da ya cika da saiwa a irin wannan zafi sa'o'i kaɗan yake buƙata ya cinye iskarsa. Janareta kuwa, tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tayar da shi dare da rana saboda ganyen latas ba lissafi ba ne. Abin da ya rage shi ne hasken rana da batir. Daren sa'a 12 yana buƙatar wat-awa 480 ga wancan injin. Batir mai bolt 12 da ampiya-awa 100 yana ɗaukar wat-awa 1,200, amma in na dalma ne rabin haka kawai ake ja in ana so ya daɗe, watau 600. Ya isa dare ɗaya da ɗan rara, bai isa a jingina masa fanka da cajin waya ba, abin da mai gadi yakan yi in ba a ja masa kunne ba.

Akwai kuskuren da masu jari suka saba yi: su ga ganye na yaushi su sayo inji na biyu. Da zarar ruwa ya kai iyakar da zafinsa ya ƙayyade, ƙarin kumfa ba ya ƙara kome sai kuɗin wuta. Nairar da za a kashe a kan inji na biyu ta fi amfani in an kashe ta wajen sanyaya ruwa: a binne tanki cikin ƙasa, a shafa wa abin da ya fito fili farin fenti, a yi rumfar raga, a ajiye tankin ajiya a inuwa. Hikimar randa ma tana aiki. Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, kuma jiƙaƙƙen buhu ko yashi a kewayen tanki yana rage zafi ta wannan hanya muddin iska busasshiya ce. Ma'aunin zafi na ruwa, mai ɗan kuɗi kaɗan, shi ya kamata a fara saye kafin na'urar auna oksijin mai tsada.

Ga wanda ba ya son dogaro da wuta ko kaɗan, akwai tsarin Bernard Kratky na Jami'ar Hawai. Ba a barin faifan ya yi iyo, ana kafe shi a bakin tanki. Yayin da tsiro ke shan ruwa, ruwan yana ja da baya, sai sarari mai laima ya samu tsakanin faifai da ruwa, saiwar sama ta riƙa shaƙar iska kai tsaye, ta ƙasa tana shan taki. Sharaɗinsa shi ne kada a sake cika tankin har baki, domin saiwar da ta saba da iska nutsewa za ta yi. Ya dace da ganyen da ake girbewa cikin 'yan makonni, bai dace da tumatir mai dogon zango ba sai da kulawa mai yawa, kuma bai kawar da matsalar zafi ba.

Saura batun lokaci, wanda a nan ne ribar take ko rashinta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ruwa yana da sanyi, iska tana da araha, latas yana jin daɗi, amma a daidai lokacin ne manoman rani na Tafkin Geriyo, inda Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama ke da shirin ban ruwa, da na sauran fadamu suke cika kasuwar Jimeta da kayan lambu, farashi ya faɗi. Mai tanki ba zai iya gogayya da mai kwami da injin ban ruwa a wannan zango ba. A Maris da Afrilu kaya sun fara ƙaranci, amma zafi kan sa latas ya yi tsiri ya yi ɗaci ko da saiwarsa na samun iska. Zangon da ya fi dacewa a duba shi ne damina, daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da fadama ke cike da ruwa, manoma sun koma kan hatsi, kayan lambu sun yi tsada, zafin rana kuma ya sauko zuwa digiri 30 da 'yan kai. Otal-otal da gidajen abinci da kantunan Jimeta suna buƙatar ganye mai tsabta a wannan lokaci kamar kowane lokaci. Sai dai hadari yana rage abin da faifan hasken rana ke tarawa, don haka wanda ya nufi kasuwar damina ya auna batirinsa da kwana biyu na lumshi a jere, ya kuma fara da tanki ɗaya, yana rubuta zafin ruwa da asuba da azahar, kafin ya gina na biyu.