Darasi: Fitilar Ɗumi Da 'Yan Tsaki A Cikin Gareji

'Yan'uwa manoma, da yawa a cikinmu mukan zuba 'yan tsaki a gareji idan babu mota a ciki. Wurin yana da faɗi, yana kuma kulluwa, amma da hunturu sanyi gare shi ƙwarai. A ƙasar Jos, cikin Disamba da Janairu, sanyin dare yakan sauka zuwa digiri 11, wani lokaci ƙasa da haka. Ɗan tsako kuwa a makonsa na fari yana bukatar digiri 32 zuwa 35, gama gashinsa bai fito ba tukuna.

Kuskuren da mukan yi shi ne mu rataye fitila can sama, muna tsammani za ta ɗumama garejin duka. Ba za ta iya ba. Fitilar ɗumi kamar hantsi take. Mai shan hantsi yana jin ɗumi a bayansa, alhali iskar da ke kewaye da shi da sanyi. Haka fitilar ke ɗumama abin da haskenta ya sauka a kai kaɗai. Sauran zafin, daɓen siminti ya shanye, kwanon rufi da ƙofar ƙarfe su fitar da shi.

Saboda haka sai mu ƙuntata wurin. Mu kewaye wuri da kwali, tsayinsa inci 18, faɗin da'irar kamar ƙafa 5, ba tare da kusurwa ba, domin a kusurwa suke danne juna su mutu. Mu shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko sassaƙen katako mai kaurin inci 3. Mu toshe ƙarƙashin ƙofa da buhu, amma mu bar mashigar iska ta sama. Ƙwai ɗaya mai wat 250 zai ishi 'yan tsaki 50. A rataye shi inci 18 daga shimfiɗar, kowane mako a ɗan ɗaga shi don zafin ya ragu da digiri 3, har mako 5 ko 6.

Wanda ba shi da ma'aunin zafi, 'yan tsakin za su gaya masa. In sun dunƙule ƙarƙashin fitila suna kuka, sanyi ne. In sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa. In sun taru a ɓangare guda, iska ce ke shigowa.

Yanzu maganar gobara. Kada a rataye fitilar da wayarta. A sa sarƙa. Mariƙin ƙwan ya zama na tangaran, gama na roba narkewa yake yi. Ruwa in ya fantsama a kan ƙwai mai zafi, zai iya fashewa. Jarkar fetur da ta kananzir kuma, waɗanda gareji ba ya rabuwa da su, a fitar da su tun kafin a kunna.

In an ɗauke wuta, yawancinmu kaskon gawayi muke kawowa. To, a bar taga a buɗe kaɗan, kada kuma yaro ya kwana a ciki yana gadi. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari mai kashe mutum cikin barci. Janareta ma a waje za a ajiye shi.

Ma'ajin ƙungiya ya lura: fitila ɗaya tana cin yunit 6 na wuta a kwana guda. A sa wannan cikin lissafi kafin a yi odar 'yan tsaki.