Azumin Kwana 40 da Ista: Gargaɗi ga Katolikan Malbaza da Ƙonni

'Yan'uwa, mu kaɗan ne, kuma duk garin ya san haka. A ƙidayar 2012, Kiristocin Nijar baki ɗaya ba su cika kashi 1 cikin 100 ba, kuma a nan jihar Tawa da dama daga cikinsu 'yan'uwanmu ne na Ikilisiyar bishara ta EERN, waɗanda suka taso a inuwar asibitin Galmi da mishan SIM ta buɗe a 1950. Katolikan da ke tsakanin Ƙonni, Tsarnawa, Malbaza da Illela kuwa, in mutum ɗaya ya yi fashi ranar Lahadi, ana ganin gurbinsa a benci. Ga shi muna zaune cikin mutanen da suka san azumi tun suna yara. Ba za ka yi musu azumin wasa su kasa ganewa ba. Saboda haka ga abin da ake so da wanda ba a so, tun daga Larabar Toka har Fentikos. Ban tausasa harshe ba, don shekara da shekaru ana tausasawa.

A san dokar azumi, a daina gardama a kanta. Ranakun azumin dole biyu ne: Larabar Toka da Juma'a Mai Tsarki. Ya wajaba a kan wanda ya cika shekara 18 bai shiga ta 60 ba. Cikakken abinci sau ɗaya a yini, sai ɗan abin taɓa baki sau biyu. Barin nama kuma ya hau kan duk wanda ya kai 14, a waɗannan ranaku biyu da kowace Juma'a ta azumin. Mara lafiya, mai ciki da mai shayarwa an ɗauke musu azumin. Kada wata tsohuwa ta tsare mai goyo da kallo.

Kada ku hana kanku ruwa. Ikilisiya ba ta ce haka ba. Azuminmu kan kai mu cikin bazara, Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a nan Adar. Mai aiki a kamfanin siminti, da mai cirar albasa a fadamun Galmi, da ɗan kabu-kabu da ke yini a kan kwalta, in suka bar ruwa don a ce su ma jarumai ne, ƙodarsu suke wa laifi, kuma babu lada a cikin taurin kai.

Kada ku kwaikwayi azumin maƙwabta, kada kuma ku raina shi. A 2025 Larabar Toka ta faɗo ranar 5 ga Maris, kwanaki kaɗan bayan kamawar Ramadan. A 2026 kuwa ranar 18 ga Fabrairu, kusan rana ɗaya aka fara. Aka ga wasu samarinmu suna tashi sahur suna jiran kiran magariba, wai kada a ce azuminsu na yara ne. Wasu kuma suka riƙa kurɓar ruwan sanyi a gaban abokin aiki mai azumi, suna cewa ai mu an yarda mana. Dukansu sun kauce. Na farko kunyar addininsa yake ji, na biyu ba shi da kara. In an tambaye ka, ka yi bayani a taƙaice: namu iri daban ne, ga yadda yake. In za ka sha ruwa, ka koma gefe.

Kada a mai da barin nama abin dariya. A nan ne nake so in daɗe. Akwai gidan da ranar Juma'a ake sauke tukunyar nama a ɗora ta kifi wadda ta fi ta tsada, a ci a yi gyatsa, a ce an kiyaye doka. Akwai kuma gidan da nama bai shiga ba tun Kirsimeti, maigidan ya ce shi kullum cikin azumi yake, don haka babu abin da zai bari. Na biyun ya fi ba ni tausayi, amma shi ma bai kuɓuta ba. Kowa yana da abin da in ya bari zai ji a jikinsa. Wani shayi ne, wanda ake dafawa har zagaye uku a fada. Wani goro, wani taba, wani kwalba. Wani cacar ƙwallo ce a waya. Wata kuma, mu faɗi gaskiya, bakinta ne. Ka zaɓi wanda ya fi ƙarfinka, ba wanda dama ba ka damu da shi ba. Mutumin da bai taɓa shan giya ba ya tashi ya ce ya bar giya kwana 40, wa yake yaudara?

Kuɗin da aka rage a ware shi, a ƙidaya shi, ya fita daga gidan. In ka bar shayin dala ashirin a rana, kuɗin nan ba naka ba ne kuma. Wanda ya yi azumi aljihunsa ya ƙara nauyi, tattali ya yi. Lokacin nan ne rumbuna ke fara ƙara in an buga su, geron bara ya ja baya, damina kuma da saura. Ku duba gwauruwar da ke bayan gidanku kafin ku duba nesa. Kuma kada ku tambayi addinin mai yunwa. CADEV, wato Karitas ta Nijar, ba ta tambaya in za ta raba hatsi. Ku ma kada ku tambaya.

Amma kafin sadaka, a biya bashi. Mai lambun da ya riƙe kuɗin 'yan ƙwadago har sai albasa ta yi tsada, da uwargidan da ta yi wata biyu ba ta biya yarinyar aikinta ba, su ajiye baikonsu tukuna. Haƙƙin mutane ya riga kwandon baiko.

Toka ba ado ba ce. Kada a ɗauki hoton goshi a sa a Facebook. Kada kuma a goge ta a ƙofar coci don tsoron idon 'yan tasha. Ka tafi harkarka, in ta goge da gumi ta goge. Sannan toka ba laya ba ce, haka ruwan albarka, haka ganyen dabino. Duk mai ƙulle su a tsumma ya rataya wa yaro a wuya don maganin mayu, ya je ya sami katekis su zauna.

A je furta zunubi da wuri. Tun babban taron Lateran na 1215 doka ta ce aƙalla sau ɗaya a shekara, da karɓar Jikin Almasihu a lokacin Ista. Wannan shi ne mafi ƙaranci, na wanda ke bakin ƙofa. Dayosis ɗin Maraɗi, wanda aka kafa a 2001 da Bishop Ambroise Ouédraogo a matsayin bishop na farko, ya haɗa jihohin Maraɗi, Tawa, Damagaram, Agadas da Difa. Ku auna faɗin wannan ƙasa, ku auna yawan Fadanni. Wanda ya bari sai Asabar Mai Tsarki da yamma ya zo yana ƙwanƙwasa ƙofar Fada, ya zalunci Fada, ya zalunci na bayansa a layi. Kuma in ka shiga, zunubinka za ka faɗa. Na matarka da na surukarka su za su kawo abinsu.

Kada ka durƙusa gaban Fada kana gaba da ɗan'uwanka. Cocinmu taron baƙi da 'yan gida ne: Bahaushe, Bazabarme, ɗan Benin, ɗan Togo, ɗan Burkina, Ibo mai shago, ma'aikacin gwamnati da aka turo daga Yamai. Abin alfahari ne, amma nan ne shaiɗan ke samun ƙofa. An sha ganin ƙungiyar mawaƙa ta rabu biyu a kan ko da Faransanci za a yi waƙar shiga ko da Hausa. A bar wannan. A yi karatu da harshen da tsohuwar da ba ta je lakwal ba za ta ji, a ba kowane harshe waƙarsa, wanda aka ba ɗaya kada ya nemi uku.

Mawaƙa, ku sassauta. Ba a rera Halleluya a azumi, ba a yi wa bagadi ado da furanni, kiɗa kuma don ya tallafi murya ne kawai. Mai ganga ya riƙe hannunsa har daren Ista. Ranar nan ya buga har fatar ta yi zafi, babu mai hana shi. Bukukuwan aure da na suna masu lasifika da raye-raye, a ɗage su ko a yi su a natse.

A halarci Hanyar Gicciye kowace Juma'a, tasha 14, daga farko har ƙarshe. Ban ce a shigo a ta goma sha biyu ana shafa gwiwa ba. Maza, da ku nake. Mata da yara ne ke cika wurin, ku kuna gindin bishiya kuna jiran a gama. A sa lokacinta da la'asar sakaliya, in rana ta yi sanyi kuma an sauko daga masallacin Juma'a. Kada lasifikarmu ta yi karo da huɗuba. Ba a fita da jerin gwano kan titi sai an sanar da hukuma da mai gari tun da wuri. Ba mu manta da 16 da 17 ga Janairun 2015 ba, ranakun da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. Ba mu kuma manta cewa Musulmi maƙwabta ne suka ɓoye Kiristoci da dama a ɗakunansu ba. Duk saurayin da ke neman tsokana da sunan kishin addini, dattawa su ja masa kunne tun a gida. Wanda kuma tsoro ya sa shi daina zuwa, a je a ɗauko shi.

Ranar Lahadin Dabino, in ba a sami ganyen dabino ba, kaba ta wadatar, ga ta nan ko'ina. Amma a roƙi mai gona kafin a sara. A kai ganyen gida a ajiye shi da mutunci, domin shi ake ƙonawa a sami tokar baɗi.

Kada a raina katekis. A kwanakin da Fadanni ke tafiya Maraɗi don Misar da bishop ke tsarkake mai, tafiyar sama da kilomita 200, da kuma Lahadin da Fada ke wani ƙauye, katekis ne ke jan addu'a. Masu cewa in ba Fada ba su zuwa, su gaya mini wurin wa suke zuwa dama. Kuma a tuna shi ma yana da iyali. A sa masa hannu a aljihu ba sai ya roƙa ba.

Alhamis Mai Tsarki, in aka zaɓe ka cikin waɗanda za a wanke wa ƙafa, kada ka ƙi, kada kuma ka yi fushi in ba a zaɓe ka ba. A bar wa talaka da baƙo wuri a layin, kada ya zama na masu manyan riguna. Bayan Misa a zauna tsaro gaban Jikin Almasihu, ko da awa ɗaya ce, da waya a kashe. Juma'a Mai Tsarki babu Misa a duk duniya. Ana taruwa wajen ƙarfe 3 na rana, a ji labarin shan wahalar Ubangiji daga Yohanna, a gaida gicciye. A nemi izini a wurin aiki tun mako guda kafin ranar, kada a sulale. Baikon ranar na Kiristocin Ƙasa Mai Tsarki ne, ba na gyaran rufinmu ba, kada ma'aji ya haɗa su.

Kada ku watse ku bar cocin wayam a daren Ista. Wannan ciwo ne na kowace shekara: mun yi azumi tare, da Makon Mai Tsarki ya zo sai motocin Kwatano da Lome da Sakkwato su kwashe rabin jama'a. Mai dalili ya tafi, Allah ya kiyaye hanya, ya duba takardunsa kafin ya isa iyaka, kada kuma ya yi tafiyar dare. Wanda ba shi da dalili ya zauna. Inda kake cin abinci nan ne cocinka.

A zo tsaron daren Ista kafin a hura wuta. Sai duhu ya yi ake farawa, karatun Tsohon Alkawari na iya kaiwa bakwai, ga baftisma. Mai gaggawa ya yi barcinsa da rana. A kawo kyandir, a kawo ruwan sha na yara, a sa babba ɗaya ya tsare wutar saboda iskar bazara da dannin kara.

Game da masu neman baftisma, magana biyu. Kada a ja kowa da buhun shinkafa ko alkawarin aiki, kuma kada a yi wa ɗan wani baftisma a ɓoye ba da yardar iyayensa ba. Dokar Ikilisiya ma ta hana. Uban baftisma da uwar baftisma kuma su san ba ɗinkin farar riga kaɗai aka ɗora musu ba. Wani sabon mai bi zai koma gidan da ba za a yi masa barka ba. In ba za ka iya buɗe masa ƙofarka a watan Yuli ba, kada ka tsaya bayansa a watan Afrilu.

Ranar Ista a kai wa maƙwabta abinci. Suna aiko mana da naman layya kowace shekara, ba mu taɓa mayarwa ba. A ba Musulmi ya yanka dabbar, a dafa a tukunya mai tsabta, kada alade ko giya su kusanci kwanon da zai fita waje. Litinin ɗin Ista ranar hutu ce a Nijar. A huta, a yi wasa, amma wanda ya sha kada ya hau babur. Babbar hanyar da ta ratsa Malbaza cike take da manyan motocin siminti da na albasa, kuma ba su san Ista ba.

Kada a ninke addini a sa a akwati ranar Talata. Ista kwana 50 ce, har Fentikos. Cikin makon farko a kai wa tsofaffin da ba su iya fitowa Jikin Almasihu, a leƙa marasa lafiyarmu da ke kwance a Galmi, a nemi izini a ziyarci na gidan kaso a Ƙonni da sabulu da abinci. Shugaban kowace unguwa ya rubuta sunayen masu zuwa da ranar da za su je, ya miƙa wa katekis kafin Lahadi ta biyu ta Ista.