IDAN BORIS YA SAKI A ƘARAMIN AKWATIN GIYA

Ya kai manomi, wannan takarda ba za ta mai da kai makanike ba. Amma idan ƙungiyarku tana da motar ɗaukar kaya mai ja da ƙafa huɗu, wadda ke kwaso muku taki da amfanin gona, ya kamata ka san wannan cuta. Ba ta kwantar da mota sai ranar da aka fi bukatarta, watau tumatir yana cikin kwanduna a fadama, rana kuma tana dukansa.

INA AKWATIN YAKE?

Leƙa ƙarƙashin motar. Bayan babban akwatin giya akwai wani ƙarami manne da shi. Shi ne ke raba ƙarfin inji biyu, ya aika wa ƙafafun baya ta farfela ɗaya, na gaba ta ɗaya farfelar. A cikinsa ne kuma ƙaramar giyar nan take, wadda direba ke sawa in mota ta kafe a taɓo ko yashi. Sandunan ƙarfen da ke ciki a kan boris suke juyawa, shi kuwa boris tilas ya zauna daram a gurbinsa. In ya sami wuri ko ƙanƙane, sai sanda ta soma kaɗawa, haƙoran giya su daina haɗuwa daidai, robar da ke tare mai ta lalace.

YADDA ZA KA GANE

Da fari za ka ji ƙugi a ƙarƙashin kujera, wanda ke ƙaruwa da gudun mota. A hanya shimfiɗaɗɗiya wadda ba kowa, a sa babbar giya a firi, a bar inji ya lafa. In ƙugin bai daina ba, to, ba inji ba ne. Sa'an nan a ɗan karkata sitiyari dama da hagu. Ƙugin da ke sauyawa da karkatawa yawanci na boris ɗin ƙafa ne; na akwatin giya ba ruwansa da sitiyari.

Yanzu sai gwajin hannu. A tsai da mota a wuri sosai, a kashe inji, a sa duwatsu gaba da bayan tayoyi, kana a saki birkin hannu, a sa giya a firi. Kama wurin da farfela ta haɗu da akwatin, ka tura sama da ƙasa. Ɗan wasan da za ka ji in ka murɗa ta ba laifi ba ne. Amma in ta motsa sama da ƙasa har ka ji ƙwas-ƙwas, ga kuma mai yana tsattsafowa a wurin, akwai magana. Ka duba kuros ɗin farfela ma, don in ya ci, jijjigarsa ita ce ke kashe boris.

Kada a yi saurin sauke akwati. Sau da yawa babban notin da ke bayan farfela ne ya kwance. A tsohuwar Land Rover, irin wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, allurar mitar gudu takan riƙa rawa in wannan noti ya saki, man da ke yoyo kuma ya jiƙa birkin hannu ya daina kamawa. Ka tuna, birkin hannun wannan mota farfelar baya yake riƙewa. Da zarar an kwance farfela, ba abin da ke riƙe da motar sai duwatsun nan.

In an ɗaure noti wasan bai tafi ba, a juye man a tasa mai tsabta, a kai shi rana. In yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, boris ya ci. In ya yi fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga lokacin ƙetare rafi.

GURBIN BORIS

Nan ne ake yawan asarar kuɗi. Akwatin yawanci na alminiyam ne, boris kuwa ƙarfe ne mai tauri. In boris ya ƙafe don rashin mai, sai zobensa na waje ya koma juyawa cikin gurbi, yana cinye jikin akwatin a hankali. To, ko ka sayo sabon boris fil, zai shiga ya yi ta lilo.

Saboda haka in makanike ya buɗe, ka tsaya a wurin, ko ku wakilta ɗan ƙungiya ɗaya. Ka ce ya gwada sabon boris a gabanka. Irin wanda ya kamata a danna da ƙarfi, in ya faɗa ciki da turin yatsa, gurbin ya buɗe. Wasu sukan ɗauki ƙusa su tsattsaga jikin gurbin, ko su cusa yankin gwangwani, wai don ya kama. Ni dai ban yarda da wannan ba. Na ga an yi wa motar wata ƙungiya haka ana gab da kaka. Ba a gama kwashe dawa ba akwatin ya tsage, aka koma hayar jakuna. In buɗewar kaɗan ce, akwai wani gam na musamman da ake riƙe boris da shi. In ta yi yawa, sai a kai wa masu injin gyaran ƙarfe su sa zobe, ko a nemi wani akwatin. Wajen sa sabo kuma kada a buga guduma a kan boris kai tsaye, a kuma sake robar mai duk da shi.

KIYAYEWA

Kowane wata a kwance notin zuba mai da ke gefen akwatin. Mai ya kamata ya kawo bakin ramin. Land Rover ɗin nan man giya mai lamba 90 take sha. Ta zamani kamar Hilux, a bi abin da littafinta ya ce. In an ƙetare ruwa mai zurfi, a duba man a ranar. Tayoyi huɗun su zama girmansu ɗaya. In motar irin wadda ake sa wa ƙafa huɗu da hannu ce, direba ya cire da zarar an hau kwalta, don a busasshiyar hanya farfelolin biyu ja-in-ja suke yi, boris ne ke shan wahalar.

In ƙugin ya same ku a daji, ku cika mai, ku rage kaya, ku cire ƙafa huɗu in hanya ta yarda, ku lallaɓa a hankali zuwa garejin da ya fi kusa.