Ɗaure Bakin Zare a Ɗinkin Keke Mai Auduga Ciki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro ran hawan Salla ya ga 'yan lifidi, su da dawakinsu cikin tufafi masu kauri. Lifidi ƙyalle biyu ne, da auduga a tsakaninsu, an bi su da ɗinki layi layi. Sana'ar tsohuwa ce, gama Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi. Mutanen dā da hannu suka ɗinka nasu. Yanzu kuwa teloli na yin irin wannan ɗinki da keke, ga abin rufa na sanyi da shimfiɗar jarirai.

Amfanin layukan nan shi ne su tsare auduga, kada ta yi yawo. In layi guda ya warware, sai ta gangara ta taru wuri ɗaya, wani gefe ya yi tudu, wani ya zama fanko. Warwara kuwa daga bakin zare takan soma, watau inda layi ya fara da inda ya ƙare.

Ga dalili. Keken da muka saba da shi da zare biyu yake aiki, irin dabarar da Elias Howe ya yi wa rajista a Amurka cikin 1846, Isaac Singer kuma ya yi wa nasa keken cikin 1851. Zare ɗaya na bisa, cikin allura. Ɗaya na ƙasa, naɗe jikin kwarkwaro cikin ƙoshiya. In allura ta nutsa, sai na bisa ya kewaye na ƙasa, su sarƙe cikin ƙyalle. Ku lura, sarƙewa ce, ba ƙulli ba. Kowane suka maƙwabcinsa ke riƙe da shi, na ƙarshe kuwa ba shi da mai riƙonsa sai tela ya yi masa.

Tun kafin a taka keke akwai abin yi. A juya shi da hannu, allura ta nutsa sau ɗaya ta fito, a ja zaren bisa, sai na ƙasa ya biyo shi. A fito da su duka biyu kamar inci biyar, a danne da yatsa har a yi suka uku. Wanda ya ƙyale na ƙasa can ƙarƙashi, in ya juya aikinsa zai tarar ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu.

Hanyoyin ɗaurewa uku ne.

Ta fari, komawa baya. A yi suka uku ko huɗu, a komo bisa sawunsu, sa'an nan a ci gaba. Tsofaffin kekuna da yawa ba su komawa baya. A nan sai a bar allura cikin ƙyalle, a ɗaga ƙarfen da ke danne shi, a juya aikin. Wannan hanya tana da ƙarfi da sauri, amma wurin yakan yi kauri, ido yana gani. Ta dace da gefe, inda za a kalmasa baki a rufe.

Ta biyu, ƙanƙanta suka. A rage tsawon suka ƙwarai na kamar rubu'in inci a farkon layi da ƙarshensa, kana a yanke zaren daf da ƙyalle. Ƙananan suka ba su kwantuwa da sauƙi. Amma kada a yi ta suka cikin rami ɗaya, don zaren zai dunƙule daga ƙasa.

Ta uku, binne ƙulli, ita ce ta gwanaye. A jawo zaren biyu fuska guda, a ƙulla su kusa da ƙyalle. A zura su cikin allurar hannu, a soka cikin ramin sukan ƙarshe, a bi da ita ta cikin auduga kamar inci guda ba tare da ta huda ƙyallen baya ba, a fito. A ja a hankali har ƙullin ya shige ciki, a yanke saura. Tana cin lokaci, amma ba a ganin kome gaba da baya. Ita ta kamata ga layin da ya ƙare a tsakiyar aiki.

In zare ya tsinke, ko kwarkwaro ya ƙare ana tsakiyar layi, kada a ɗora kurum. A kwance 'yan suka baya har a sami abin ƙullawa, a ƙulla, a binne, sa'an nan a soma daga ramin nan.

Mai saye ba ya gane wannan aiki a kasuwa, sai bayan wanki biyu ko uku. Ran nan ake sanin telan da za a koma wa. To, kowa ya sami ƙyalle biyu da 'yar auduga, ya yi layi huɗu, uku da hanyoyin nan, ɗaya ba ɗauri, ya wanke, ya ja, ya ga wanda zai fara saki.