Jikinka Amanar Allah Ne

Darasi domin sababbin masu-bi da masu neman sanin Hanya. Kafin ka soma, ka karanta 1 Sarakuna, sura 19.

Ya ɗan'uwa, tun ran da ka ba da gaskiya ga Ubangiji Yesu Kristi, ko kuwa tun da ka soma tambaya a kan Hanyarsa, an yi maka magana da yawa a kan ruhunka, daidai ne kuwa. Amma akwai wata tambaya da sababbin masu-bi su kan riƙe a zuci, ba su cika furta ta ba. Su kan ce, Na kwance layar da aka ɗaura mini tun ina goye, na bar zuwa wurin boka, yanzu fa me za ya tsare ni da 'ya'yana daga ciwo? Waɗansu su kan koma ga laya a ɓoye sa'anda yaro ya kwanta. Waɗansu kuwa su kan ce addu'a kaɗai ta isa, su bar yaro da zazzaɓi kwana uku cikin ɗaki, suna tsammani zuwa asibiti ƙarancin bangaskiya ne. Dukansu sun ratse hanya, ran yaro kuwa shi ne a tsakani.

Manzo Bulus ya koya wa masu-bi na Korinti cewa jikin mai-bi mazaunin Ruhu Mai-Tsarki ne, mai-bi kuma ba shi da ikon kansa, gama an fanshe shi. Idan maƙwabcinka ya ba ka kiwon sansa za shi tafiya, ba za ka bar shi da ƙishirwa ba, ba kuwa za ka ɗaure shi inda kura ke bi ba, gama ka sani mai shi za ya komo ya tambaya. Haka jikinka yake, da hankalinka, da jikunan 'ya'yanka. Amana ce, Mai ita kuwa za ya tambaya.

1. Yadda Allah ya yi da Iliya

Annabi Iliya ya yi babban aiki a bisa Dutsen Karmel. Bayan wannan Yezebel, matar sarki Ahab, ta aika masa za ta kashe shi. Tsoro ya kama shi, ya gudu har Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya shiga jeji shi kaɗai tafiyar yini guda. Ya zauna a gindin itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa.

Ka lura da abin da Ubangiji ya fara yi. Bai tsauta masa ba, bai kuwa soma da wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci. Sa'an nan mala'ika ya tashe shi, ga waina, ga tulun ruwa. Ya ci, ya sha, ya sāke kwanciya. Aka tashe shi sau na biyu ya ƙara ci. Sai bayan tafiyar kwana 40, a Dutsen Horeb, Ubangiji ya yi masa magana da murya marar ƙarfi. Iliya yana kuka shi kaɗai ya rage, Allah ya nuna masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Ya kuma ba shi aiki, ya ba shi Elisha ya zama abokin tafiyarsa.

Allah ya kula da jikin bawansa, da tunaninsa, da ruhunsa, bai raina ko ɗaya ba. Kai ma kada ka raina.

2. Kiwon jiki

Ruwa. A shekara ta 1978 aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato. Hanyoyin ruwanta sun ratsa gonakin Talata Mafara, da Bakura, da Maradun, har mutum ya kan noma shinkafa da rani. Wannan abin godiya ne. Amma inda ruwa ya kwanta, a nan ƙananan katantanwa ke zama, su ne kuwa gidan tsargiya. Ga yadda take. Mai tsargiya ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwayayen tsutsa su fita tare da fitsarin, su ƙyanƙyashe, su shiga katantanwa. Daga cikin katantanwa su fito, ido ba ya ganinsu, su huda fatar yaron da ke iyo. Waɗansu su kan ce fitsarin jini alamar balaga ce. Ba haka ba ne. Ciwo ne, idan kuwa ya daɗe ya kan lalata mafitsara da ƙoda. Akwai ƙwayar maganinsa a asibiti. Kada kai ko ɗanka ku yi fitsari ko bayan gida cikin ruwa ko a bakinsa. Ruwan wanka da aka ɗebo daga can, a bar shi ya kwana biyu kafin a yi wanka da shi.

Kada ka ce wannan magana ba ta addini ba ce. Cikin Kubawar Shari'a, sura 23, Allah ya umarci Isra'ilawa su keɓe wuri a bayan sansani, kowa ya tona rami ya rufe ƙazantarsa, domin Ubangiji yana tafiya a tsakiyarsu. Ka haƙa masai nesa da rijiya, ka yi masa murfi. Ka rufe randa, ka rataye moɗa, kada ta kwana a ƙasa. Ku wanke hannu da sabulu, in babu sabulu da toka, bayan kun fito masai da kuma kafin cin abinci. Idan ana amai da gudawa a gari, a tafasa ruwan sha.

Idan yaro yana gudawa, abin da ke kashe shi ƙarewar ruwan jiki ne. Ka sami ruwa mai-tsabta lita 1, ka zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan, uwa kuma kada ta hana shi nono, ku kama hanyar asibiti.

Ko kana shakka ƙaramar al'ada tana iya korar babban ciwo? Ka tambayi tsofaffi labarin kurkunu, yadda ya kan kwantar da manomi a tsakiyar damina. Ba allura ta kore shi ba. Da tace ruwan sha, da hana mai kurkunu sa ƙafa cikin tafki, da haƙa rijiyoyi aka ci ƙarfinsa. A shekara ta 2008 aka ga na ƙarshe a Nijeriya, a 2013 kuma aka shaida ƙasar ta rabu da shi.

Sauro. Kakanninmu sun ɗora zazzaɓin damina a kan sabon hatsi ko iskoki. A shekara ta 1897 wani likita, Ronald Ross, ya ga ƙwayar cutar cikin cikin sauro a ƙasar Indiya. Tun da Allah ya bari aka san wannan, wanda ya sani ba shi da hujja. Gidan sauro ba ragar kamun kifi ba ne, ba kuwa shingen lambu ba. Ku kwana a ciki kowane dare, tun ba mace mai-ciki da ƙananan yara ba. Yaron da jikinsa ya yi zafi, a kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a jira gobe.

Ƙurar dutse. A shekara ta 2010, a ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum, kamar Dareta da Yargalma da Bagega, yara fiye da 400 suka mutu. Iyayensu ba mugaye ba ne. Sun kawo duwatsun zinariya gida suna niƙawa a tsakar gida, ba su sani akwai dalma a ciki ba. Ƙurar ta zuba inda yara ke rarrafe, yara suka kai hannu baki. Waɗanda suka rayu, da yawa gubar ta taɓa ƙwaƙwalwarsu. Idan haƙar zinariya ce sana'arka, kada dutsen ya shiga gidanka, kada a daka shi a turmin hatsi. Ka yi wanka, ka sāke tufafi tun a wurin aiki, kafin ka ɗauki ɗanka. Haka kuma wanda ya yi feshin magani a gona, kada kuwa jarkar maganin ta zama ta ruwan sha.

Maƙwabtanmu Musulmi suna wanke jiki sau da yawa kowace rana domin salla. Suna dubanka. Kada su sami dalilin cewa wanda ya bi Yesu ya yar da tsabta.

3. Kiwon hankali

Shekarun nan ƙasar Zamfara ta sha wahalar 'yan bindiga. Akwai waɗanda suka bar gonakinsu, akwai waɗanda aka sace musu ɗan'uwa, akwai waɗanda ko motsin ɓera suka ji da dare sai gabansu ya faɗi. Idan kana cikinsu, ka tuna Iliya ma ya ji tsoro har ya ƙi rai, Allah kuwa bai yashe shi ba. Baƙin ciki mai-nauyi ba shaidar rashin bangaskiya ba ne.

Kada ka ware kanka. Iliya ya fi raunana sa'anda ya bar baransa ya tafi shi kaɗai. Ka sami dattijo amintacce cikin masu-bi ka gaya masa abin da ke zuciyarka. Ke 'yar'uwa, ki nemi uwa cikin ikkilisiya. Idan barci ya ƙi, abinci ya fita ranka, makonni suna wucewa, balle idan tunanin hallaka kanka ya zo, ka faɗa a ranar, a raka ka wurin likita. Wannan ma ciwo ne, yana kuwa da magani.

Kada ka nemi hutu cikin ƙwaya. Samari da yawa su kan sha tramadol domin ƙarfin noma, ko maganin tari mai kodin domin manta damuwa, har a shekara ta 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana yin irin wannan maganin tari da shigo da shi. Ƙarfin da ƙwaya ke bayarwa bashi ne, jiki kuwa shi za ya biya da riba. Haka giya da burkutu.

Ka tsare kunnenka. Ranar Talata a kasuwa za ka ji labari iri-iri, cikin waya kuma ya fi haka. Abin da ba ka tabbatar ba kada ka ɗauka ka kai gaba, gama jita-jita ta kan tada gari. Da dare ka ajiye waya tun kafin ka kwanta.

Ka huta. Ubangiji Yesu da kansa, da ya ga almajiransa ba su da zarafin cin abinci saboda taro, ya janye su zuwa wurin da ba kowa domin su huta. Allah ya ba ka kwana shida na aiki, ya keɓe ɗaya. Ka ba matarka hutun nan, da ɗan ƙodagonka, da shanun hudarka.

4. Kiwon ruhu

Kamar yadda ba ka cin tuwon mako a rana ɗaya, haka wa'azin Lahadi kaɗai ba za ya riƙe ka kwana bakwai ba. Da sanyin safiya ake kama fara. Kafin ka ɗauki fartanya, ka karanta aya kaɗan, in ba ka iya karatu ba ɗanka ya karanta maka, ka riƙe magana guda ka tafi da ita gona. Da maraice, bayan tuwo, ka tara iyalinka ku yi godiya, kowa ya faɗi alheri guda da Allah ya yi masa a ranar. Idan ka ɓata wa wani rai, ka nemi gafara kafin ka kwanta. Idan kai aka ɓata wa, ka yafe. Wanda ya kwana da gaba, kamar wanda ya kwana da garwashi cikin riga ne.

Amma ka ji wannan da kyau. Ba tsabta ke cetonka ba, ba kuwa yawan karatu ba. Kristi ne ya cece ka ta wurin mutuwarsa da tashinsa. Waɗannan abubuwa godiya ce ta wanda aka riga aka fansa.

5. Idan ciwo ya zo duk da haka

Za ya zo, gama muna cikin duniya. Kada ka ce hukunci ne domin ka bar hanyar kakanni, kada kuwa ka ɗora wa wata tsohuwa maita. Da aka tambayi Yesu a kan mutumin da aka haifa makaho, ya nuna ba zunubinsa ba ne, ba kuwa na iyayensa ba. Timoti yana fama da ciwon ciki, Bulus ya ba shi shawarar abin da za ya sha. Luka, wanda ya rubuta Bishara ta uku, likita ne. Ka kira dattawan ikkilisiya su yi addu'a, ka tafi asibiti, ka shanye magani yadda aka gaya maka, kada ka tsaya a rabi domin ka ji sauƙi. Likita yana ba da magani, Allah ne mai-warkarwa. Idan kuwa ya ga dama ya kira ka gida, jikin nan da ka kiwata za ya tashe shi a ranar ƙarshe.

Kada ka ɗauki dukan wannan a rana ɗaya, sannu ba ta hana zuwa. Ka zaɓi abu guda yau, ko murfin randa, ko ɗinke gidan sauro da ya yage, ko addu'ar maraice da iyali, ka soma da shi.

Tambayoyi

1. Me Allah ya fara ba Iliya a jeji?
2. Ta yaya tsargiya ke shiga jikin yaro, me kuwa za ka yi domin kada ka ba maƙwabcinka ita?
3. Me za ka amsa wa wanda ya ce zuwa asibiti rashin bangaskiya ne?
4. Wane ne za ka gaya wa damuwar zuciyarka?
5. Wane abu guda za ka soma a gidanka cikin makon nan?

Addu'a

Ya Ubanmu, kai ka yi jikina, kai ka fanshi raina. Ka koya mini in riƙe amanarka da aminci. Ka tsare 'ya'yanmu da 'ya'yan maƙwabtanmu daga ciwo, ka ba ƙasarmu salama, ka ba masu-tsoro barci. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.