Kwalekwale da Janareta: Lissafin da Za a Fara Yi

Ƙasar Garki ba ta bakin kogi, amma mutanenta ba su rasa hulɗa da ruwa ba. Wanda zai ƙetare kogin Haɗeja ta wajen Ringim ko Taura da damina yakan shiga kwalekwale, balle a shekarar ambaliya irin ta 2022, sa'ad da hanyoyi suka yanke. Saboda haka idan mai fito ko masunta suka zo neman hakimi ya sa musu hannu a takardar rance domin sayen janareta, watau injin ba da wutar lantarki, lalle ne hakimi da malaminsa su san abin da za su tambaya.

A fara da wannan: me za a kunna a cikin jirgin, na awa nawa? Malami ya ɗauki alƙalami. Kowane kayan wuta an rubuta ƙarfin cinsa a jikinsa da ma'aunin da ake kira wat. A ninka wat ɗin da yawan awoyi. Ƙwai biyu na fitilar zamani, kowane mai wat 5, in sun kwana awa 6 a kunne a mashigi, sun ci 60. Cajin waya huɗu, a ce 50. Jimla 110 ke nan a yini.

To, batir mai bolt 12 da amfiya 50 yana ɗauke da 600, ko da yake ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, gama yin haka na rage masa kwana. Faifan sola mai wat 50 kuwa, a irin ranarmu, yakan mayar da wajen 200 a yini. Ashe mai irin wannan bukata ba janareta yake nema ba. Ƙaramin janareta na kasuwa yana ba da wat 600 ko fiye, sai a yi ta ƙona fetur domin fitila biyu.

Ba asarar kuɗi kaɗai ba ce. Injin da jarkar mansa nauyi ne a jirgin da dama yakan yi lodi fiye da kima, kuma yawan lodi na cikin manyan dalilan kifewar jirage. Wutarsa ta bolt 220 ce, irin ta gida, ga ruwa a ƙasan kwalekwale, ga mutane ba takalmi. Bolt 12 na batir ba ya kisa ta wannan hanya. Har wa yau, a cikin hayaƙinsa akwai wata iska mai guba, marar wari, wadda kan kashe mutum yana barci idan an rufe wurin da tamfol.

Wanda ya ce yana son wuta domin fiton dare, a tuna masa Hukumar Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, watau NIWA, ta hana tafiyar dare.

Inda janareta ke da hujja shi ne wurin mai firjin adana kifi ko babban famfo, domin waɗannan sukan ja wuta ninki uku ko fiye lokacin tashi. Ko a nan ma, a ganinmu, ya fi kyau a girka injin da firjin a tudu kusa da mashigi, jirgi ya riƙa kawo kifin. Malami ya rubuta lissafin a bayan takardar neman rancen kafin a kai wa hakimi.